Zakka, maganin Mama da Lahadin da babu hutu: ina zan sa kaina?

Tela Mai Keke Biyu ya rubuta:

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Tambaya biyu gare ni, sun sarƙe da juna, ina roƙon waɗanda suka girme ni a bangaskiya su warware mini. Ta farko: ya halatta in rage zakka, wato kashi ɗaya cikin goma na samuna da nake ba ikilisiya, don in sayi maganin mahaifiyata? Ta biyu: in na ajiye wasu ayyukan ikilisiya domin in zauna da iyalina ran Lahadi da yamma, ja da baya na yi ke nan?

Ga yadda abin yake. Ni tela ne, ina da ɗan shago da yaro ɗaya mai koyon aiki. Ina da mata da 'ya'ya uku, mahaifiyata kuma tana wurina tun rasuwar Baba. Hawan jini ke gare ta da ciwon suga, maganin kuwa ba irin wanda ake sha a daina ba ne, kowane wata sai an saya. Kuɗin tela kun san ba albashi ba ne. Wani watan aiki ya yi maka yawa har ka rasa inda za ka rataye kayan mutane, wani watan ka wuni kana share keke kana kallon hanya.

A ikilisiya ina cikin mawaƙa, ina kwamitin gini, ina cikin masu ƙirga baiko bayan sujada, in malamin makarantar Lahadi bai zo ba kuma ni ake nema. Ban taɓa cewa a'a ba, don na taso ina jin cewa duk wanda aka kira aikin Allah ba ya musu. Daren Asabar kuwa shi ne daren wahalar tela, kowa yana son sa sabon kaya gobe. Ina kan keke har tsakar dare, in tashi in yi guga, in zauna sa maɓalli idona yana rufewa. Da asuba in fita gwajin waƙa. Daga sujada sai ƙirga, daga ƙirga sai taron kwamiti, daga nan sai gaisuwar marar lafiya ko ta'aziyya. Kafin in shigo gida autata ta yi barci. Kwanan baya na shigo, matata tana wanke wa Mama ƙafa a cikin roba, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Sannu da zuwa, baƙonmu." Ba ta ƙara ko kalma ba. Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Sai kuma maganar kuɗi. Ranar da aka yi taron tara gudummawar gini, aka kira sunana a gaban jama'a, na miƙe na ɗauki alkawari. A wurin matata ta ji, tare da kowa. Watan jiya abubuwa uku suka haɗu a kaina lokaci guda: zakka, kason alkawarin gini, da maganin Mama da ya ƙare. Abin da ke hannuna ba zai kai biyu ba balle uku. Na sayi magani, na sa rabin zakka a ambulan, na ƙyale na gini. Lahadin nan kuwa sai ga wa'azi daga Malakai sura 3, maganar masu yi wa Allah fashi. Na san Fasto bai san abin da ke ambulan ɗina ba, amma ɗaga ido na kasa yi, ji nake da ni yake.

Har ila yau ban san a kan me zan fitar da kashi ɗaya cikin goma ba: duk kuɗin da ya shigo hannuna, ko abin da ya rage bayan na cire zare, shafi, hayar shago da ɗan abin da nake ba yaro? Ku taimaka mini, ba na son in cuci Allah, ba na kuma son in cuci gidana.

Matashi Mai Himma ya amsa:

Yayana, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba Mama sauƙi. Amma zan faɗa maka gaskiya ko ba daɗi. Zakka ba taka ba ce balle ka rage. Littafin Firistoci 27:30 ya ce ta Ubangiji ce, tsattsarka ce. Masu cewa ai wannan Shari'ar Musa ce ta wuce, su tuna Ibrahim ya ba Malkisadik ushiri a Farawa 14 tun ba a haifi Musa ba, Yakubu ma ya yi wa'adin haka a Betel. Malakai 3:10 ne wurin da Allah da kansa ya ce a gwada shi a gani. Kai kuma da gwajin ya zo sai ka janye hannu.

Dubi gwauruwar Zarefat a 1 Sarakuna 17. Abin da ya rage mata na ci ɗaya ne ita da ɗanta, Iliya ya ce ta fara yi masa tukuna, ta yi, tukunyarta ba ta ƙare ba har fari ya wuce. Dubi gwauruwar da ta zuba 'yan kuɗinta biyu a Haikali, Yesu bai ce mata ta mayar ta sayi magani ba, yabonta ya yi. Ni tun albashina na farko nake cire ta kafin in taɓa komai, ban kuma taɓa kwana da yunwa ba.

Alkawarin gini ma ka kula. Mai Hadishi 5:4-5 ya ce gara kada ka yi wa'adi da ka yi ka kasa cikawa. Batun ajiye aiki kuwa, haka ake farawa: yau a bar waƙa, gobe a bar sujadar yamma, jibi a neme ka a rasa. Hutu yana sama, yayana.

Tsohon Ma'aji ya amsa:

Ɗana tela, na karanta maganarka, na karanta ta ƙaninka mai himma. Himmarsa tana da kyau, ina ma da irinsa goma a kowace ikilisiya. Sai dai akwai wurin da ya tsallake, kuma Ubangiji Yesu ne da bakinsa ya yi maganar. Buɗe Markus 7:9-13. Akwai mutanen da suke ce wa uwa ko uba, abin da za ku samu daga gare ni na riga na keɓe wa Allah, shi ke nan sai su daina taimakon iyayen. Yesu bai kira wannan ibada ba, cewa ya yi sun soke maganar Allah da al'adarsu. Halinka ke nan sak, kamar don kai aka rubuta. Ƙara da 1 Timoti 5:4, inda Bulus ya ce 'ya'ya da jikokin gwauruwa su fara nuna ibadarsu a gida, su sāka wa iyayensu, gama wannan abin karɓa ne a gaban Allah. Aya ta 8 ta fi zafi: wanda bai kula da nasa ba, musamman mutanen gidansa, ya musunci bangaskiya, gara ma marar bi da shi. To maganin da ka saya wa mahaifiyarka, ba daga asusun Allah ka sata ka kai wani wuri ba. Umarninsa ka bi.

Gwauruwar Haikali kuma, a karanta ayar da ke gabanta. Markus 12:40 Yesu yana tsine wa halin malaman da suke cinye gidajen gwauraye, sai nan da nan ga matar ta zo. Ita ta ba da nata, abin bakinta. Ba ta ɗauki na wata tsohuwa marar lafiya da ke kwance a ɗakinta ta bayar ba. Mutum yana da iko ya sadaukar da cikinsa. Ba shi da iko ya sadaukar da lafiyar uwarsa ya ce shi ne mai bangaskiya.

Mutane da yawa ba su san yadda zakkar Isra'ila take ba, Malakai 3 kaɗai suka sani. Littafin Ƙidaya 18 ya ba Lawiyawa ita domin ba su da gādon ƙasa. Maimaitawar Shari'a 14:22-29 kuma ta ce mutum ya kai ushirin amfaninsa wurin da Allah ya zaɓa, ya ci a gaban Ubangiji shi da iyalinsa da murna, a shekara ta uku kuwa a tara ta cikin gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Ka ga gwauruwa tana cikin masu cin zakka tun asali. A zamanin farko na ikilisiya ma, wajen shekara ta 150, Yustinus wanda aka kashe a Roma saboda bangaskiya ya bayyana yadda suke taron ranar Lahadi: masu hali suna bayar da abin da suka ga dama, a ajiye wurin shugaban taro, shi kuma ya taimaki marayu da gwauraye da marasa lafiya da 'yan kurkuku da baƙi. Mayar da ushiri dole har da horo ya zo ne daga baya. Majalisar bishop-bishop da ta zauna a Makon ta ƙasar Faransa a 585 ta sa hukuncin fitarwa daga zumunta ga wanda ya ƙi biya, Sarki Sharlaman kuma ya mai da ita dokar ƙasa a 779.

Kada ka ji wannan ka ce Baba ya ce a daina zakka. Ni ina bayarwa har yau, kuma ina koya wa jikokina, don kashi ɗaya cikin goma ma'auni ne mai kyau, yana hana hannu maƙewa. In babu ma'auni, zuciyar mutum kullum ce masa take wannan watan ba dama. Fasto ma yana da iyali, mai aiki ya cancanci ladansa, rufin majami'a kuma ba da addu'a kaɗai ake gyara shi ba. Amma ma'auni daban, bulala daban. 2 Korantiyawa 8:12-13 ta ce ana karɓa gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba, ba kuma don waɗansu su huta ku ku sha wuya ba. Sura 9:7 ta ce kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba.

Tambayarka ta lissafi: a nawa gani, kuɗin zare da shafi da haya da na yaro ba samunka ba ne, sun ratsa ta hannunka ne kawai. Cire su, abin da ya rage shi ne ƙaruwarka, a kansa za ka fitar. Kuma tun da kuɗinka ba na wata-wata ba ne, bi shawarar 1 Korantiyawa 16:2, ka riƙa warewa mako-mako gwargwadon samu. Makon da aiki ya yi albarka ka ware na Allah, ka ware na maganin Mama a wani wurin dabam tun kuɗin suna da ɗumi. Abin da ya sa ukun suka haɗu a kanka shi ne jiran ƙarshen wata.

Alkawarin gini, a nan ƙaninka yana da gaskiya, alkawari kaya ne. Amma na riƙe littafin kuɗin ikilisiya shekaru masu yawa, bari in gaya maka abin da na gani. Ranar tara gudummawa, da kiɗa da tafi da kiran suna, mutum yakan faɗi abin da aljihunsa bai sani ba. Bayan 'yan watanni sai ka ga ya koma kujerar baya, in ya hango ni ya bi ta wata ƙofa, a ƙarshe ya daina zuwa sam. Mun yi asarar mutum saboda buhun siminti. Wanda kuwa ya zo ya same ni a keɓe ya ce, Baba, ga halin da nake ciki, a raba mini shi ƙanana-ƙanana, ban taɓa ganin kwamitin da ya kore shi ba. Hananiya na Ayyukan Manzanni 5, wanda ya sayar da gona ya ɓoye wani kashi na kuɗin, ba don ya ba da kaɗan ya mutu ba. Bitrus ya ce masa gonar taka ce, kuɗin ma a hannunka suke, laifinsa ƙarya ce. Je ka faɗi gaskiya, ka biya a hankali. Kai da kake cikin kwamitin ma, ka ba su shawara a daina kiran sunan mutane, a raba takarda kowa ya je gida ya yi shawara da matarsa tukuna.

Maman 'Yan Biyu ta amsa:

Baba Ma'aji ya gama maganar kuɗi, Allah ya ƙara girma. Ni wurin "baƙonmu" na tsaya, don duk kun wuce ta kamar ba ku gani ba. Ɗan'uwa, ruwa ba ya tsami banza. Kafin mace ta faɗi wannan kalma ta daɗe tana haɗiye ta.

Kana cewa ba ka hutawa ran Lahadi. Ita fa? Ta tashi kafin kai, ta yi wa yara uku wanka, ta shirya su, ta ba Mama magani, ta ɗora girki, ta ja su zuwa sujada ita kaɗai, ta zauna tana raba faɗa tana rarrashi, rabin wa'azin ma ba ta ji ba. Ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya. Kai an gan ka a gaba kana waƙa, an ce sannu da aikin Ubangiji. Ita wa ya ce mata sannu? Lokacin da kake rabawa a coci, rabinsa nata ne, ita take biya.

Ku maza kuna karanta dokar hutu kamar ta mutum ɗaya ce. Maimaitawar Shari'a 5:14 ta lissafa ɗa da 'ya, bawa da baiwa, sa da jaki, har baƙon da ke cikin gari, ta ce domin su huta kamar kai. Dalilin da ta bayar kuma shi ne ku tuna kun yi bauta a Masar. Wato maigida ne aka ɗora wa nauyin ya ga kowa a gidansa ya huta. Fitowa 34:21 ma ta toshe ƙofar uzuri, ta ce ko lokacin huɗa ne ko na girbi sai an huta. Girbin tela daren Asabar ne, don haka da kai take. Ka sa wa masu kawo ɗinki ƙa'ida: kayan Lahadi ran Jumma'a ake karɓa, Asabar da la'asar an rufe keke. Za ka rasa mutum ɗaya ko biyu masu kawo yadi ran Alhamis su ce gobe suke so, waɗannan dama su ne masu sa ka yin ƙarya.

Ƙanina da ya ce hutu yana sama, Yesu bai jira sama ba. A Markus 6:31 jama'a suna ta kai da kawowa har almajirai ba su samu damar cin abinci ba, ya ce su zo su keɓe su ɗan huta. Musa ma da ya zauna yana shari'a daga safe har yamma, surukinsa Yetro ce masa ya yi abin da kake yi ba shi da kyau, za ka gaji kai da mutanen, ya sa shi ya raba aikin.

Ni 'yar ma'aikacin ikilisiya ce. Babanmu mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Amma mun fi sanin bayan rigarsa da fuskarsa. Akwai yayana da har yau ba ya taka majami'a sai ɗaurin aure ko jana'iza, in ka yi masa magana ya ce coci ta cinye masa uba, ba zai ba ta kansa ba. Eli firist ne, yana Shilo dare da rana, ka san yadda 'ya'yansa Hofni da Finehas suka ƙare. Shi ya sa 1 Timoti 3:5 take tambaya, wanda bai iya tafiyar da gidansa ba, yaya zai kula da ikilisiyar Allah? Ka dawo gida bayan sujada, ka karɓi robar nan ka wanke wa Mama ƙafa da hannunka, matarka ta je ta kwanta. Da dare ka tara yaran, aya ɗaya, waƙa ɗaya, kowa ya yi addu'a ko ta layi biyu ce. Muryar da kake ba jama'a, autarka ma tana son ji.

Matashi Mai Himma ya sake cewa:

Baba, na karanta Markus 7, na ji, a kan maganin Mama ba ni da ta cewa. Amma ina nan kan bakana a wuri ɗaya: mutane da yawa za su fake da wannan, wanda uwarsa lafiyarta ƙalau ma zai ce iyali ne suka hana shi, alhali ya sake waya sabuwa. Yayana, in aiki ya buɗe ka cike rabin da ya rage.

Tela Mai Keke Biyu ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya sāka. Ƙanina, na ji, zan cike in Allah ya hore, ba don tsoron la'ana ba. Jiya bayan yara sun kwanta na zauna da matata, na ajiye littafin awo da nake rubuta kuɗin shago a gabanta. Ta daɗe tana dubawa. Ta ce ita ba ta taɓa ƙin zakka ba, ita ma tana fitar da tata daga 'yar sana'arta, abin da ya ci mata rai shi ne ta ji alkawarin gidanta a bakin lasifika. Mun raba na gini ƙanana, Lahadi mai zuwa zan sami ma'ajinmu. Na kuma rubuta takarda na manna a ƙofar shago game da Jumma'a, wata har ta karanta ta yi tsaki ta tafi da yadinta.

Saura aiki. Ita ta ce in bar kwamitin gini, don shi ke cin yamma. Ni kuma kunya nake ji, ga bashin alkawari a kaina sannan in fita, za a ce gudu na yi. Waƙa kuwa ita ce raina. Baba, Mama, wanne zan ajiye?

Tsohon Ma'aji ya amsa:

Kada ka bar kwamitin a makon da za ka je neman sassauci, lalle za a haɗa biyun. Fara da ƙirga baiko. Aikin nan dama bai kamata mutum ɗaya ya daɗe a kansa ba, a kowace ikilisiya mai tsari juyawa ake yi, mutum biyu ko uku a lokaci guda, kowa ya sa hannu a takarda. Ka ce a sa wani, ka koya masa Lahadi biyu. Makarantar Lahadi ka gaya wa shugabanta ya nemi mataimaki na dindindin, kai ba za ka samu ba. Kwamitin gini kuma ka roƙa a mayar da taron sau ɗaya a wata, a wata rana cikin mako. In sun ƙi, ka cika wa'adinka na wannan shekara, in an zo sabon zaɓe ka ce a ba wani. Ka je wurin Fasto kai da matarka tare, ita ta yi bayanin da bakinta, kai ka yi shiru.